Dokar da Ta Rufe Makarantar Babanmu

Kakanmu mahaƙin rijiya ne, haka ma ubansa. A yankinmu da wuya ka shiga ƙauye ka sha ruwa ba tare da hannun gidanmu ya taɓa rijiyar ba. Ni ban san Kakanmu ba, domin rijiya ce ta rufta da shi tun Babanmu bai yi wayo ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu, da diga da dagi da doguwar igiya.

Babban ɗan, wanda muke kira Baffa, ko gemu bai fara ba sa'ad da ya ɗaura igiyar nan a ƙugunsa. Kakarmu ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rantse ba za ta ba ƙasa 'ya'yanta duka biyu ba. Ɗaya zai shiga rami don a ci abinci, ɗaya zai tafi makaranta. Ba ta ma kai ga zaɓa ba Baffa ya yanke.

Ya ce, "Inna, ni na riga na saba da duhu. Wannan kuwa ko tulu bai iya ɗauka ba. A kai shi inda ake zama a kan benci."

Haka aka kai Babanmu gari, ya zauna a gidan wani tela ɗan'uwan Kakarmu. Duk rigar makarantar da ya sa, duk littafin da ya buɗe, daga cikin rami suka fito. Baffa bai taɓa yi masa gori ba. Sai dai in Baba ya zo hutu ya fara zuba bayani da hannu, Baffa yakan dube shi ya ce, "Ƙanina, ka yi a hankali, kada ilimin ya zube a hanya."

Da ya gama kwalejin horon malamai an ba shi aiki a gari, ya ƙi. Ya dawo ƙauyenmu, inda babu ko aji ɗaya. Akwai wani tsohon sito da ake ajiye taki a da, rufinsa ya yaye, jemagu sun mamaye shi. Baffa ya gyara rufin ya ƙera bencina. Baba ya samo wata tsohuwar ƙofa ya shafe ta da baƙin cikin batir, ta zama allo. Ƙararrawa kuwa ƙarfen tayar mota ne aka rataye a bishiyar bakin ƙofa. Gida-gida ya bi yana roƙon yara, wani uban ya ba shi, wani ya ce sai an gama girbi, wani ya saki kare.

Bayan 'yan shekaru hukuma ta karɓi makarantar, ta turo masa malama guda. Ta sauka daga motar kaya da akwatin ƙarfe da laima, ta dubi sito ta dubi Baba, ta ce masa a fili zango ɗaya za ta yi ta gudu. Ita ce Ummanmu. Har ta tsufa in an tambaye ta takan ce, "Ai zangon ne bai ƙare ba tukuna."

A makarantar nan na yi rarrafe. Ɗakunan karatu uku ne a jere, sai ofishin Baba wanda in ya buɗe kabad dole baƙo ya fita waje. Kowane ɗaki aji biyu ne a ciki, rabi na kallon gabas rabi na kallon yamma, malami ɗaya yana kai-komo a tsakaninsu. In damina ta yi ƙarfi mu yara muke jera bokitai a inda ke yoyo, Baba kuwa ya ɗaga murya sama da ƙarar kwano ya ci gaba da darasi. Hannun rigarsa kullum fari fat da alli, Umma ta yi faɗa har ta haƙura.

Amma akwai abin da ke cin ransa. Duk shekara yakan kai yaransa mafiya ƙwazo gari su rubuta jarrabawar shiga babbar makaranta, kuma duk shekara yakan dawo da yawancinsu. Lissafi suna ci, karatu suna ci, sai a zo kimiyya a tambaye su abin da ba su taɓa gani da ido ba. Na tuna ranar da ya dawo da wani yaro da ya fi kowa a ajinmu, shi ma bai ci ba. Baba ya zauna a bakin baranda bai cire takalmi ba, ya ce da Umma, "Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, Malama. Ni ne na rasa abin da zan nuna musu."

Ina aji na ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya sa'ad da mutanen ƙauyuka suka taru a ƙofar gidanmu suka ce shi suke so ya wakilce su a majalisa. Ya ce shi bai iya ƙarya ba, bai kuma iya rawa a kan mota ba. Suka ce sun gaji da waɗanda suka iya. Ya yi ta zillewa har Baffa ya sa baki.

"Ka je," in ji Baffa. "Na tura ka ka je, ka dawo da makaranta. Yanzu ma je ka ka gani me za ka dawo da shi."

A kan tsohon babur ya yi yawon neman ƙuri'a, kuma ya ci. Umma ta gaji kujerarsa a makaranta.

A majalisa ba wanda ya kira shi da wani suna sai Hedimasta. Sun ce ran farko da surutu ya yi yawa yana magana, ya manta inda yake, ya buga tebur ya ce, "Na baya, a yi mini shiru!" Zauren ya kwashe da dariya, amma an yi shirun. Ofishinsa yana can ƙarshen baranda, da fanka mai kuka da kujerun roba biyu, kullum cike da malaman ƙauye da suka zo da ƙorafi. Ɗaki ɗaya ya kama haya a birni, duk ƙarshen mako kuma yana cikin motar haya zuwa gida. A zangonsa na farko ya sa an gina wa malaman ƙauye gidaje kusa da makarantu, an yi wa 'yan mata bayan gida nasu daban, an haƙa rijiyar burtsatse a harabar makarantu da yawa. Baffa yakan tsokane shi cewa ya je birni ya kashe wa gidansu sana'a.

A zango na biyu ya kawo ƙudirin da ya daɗe yana saƙawa a ransa. A haɗe ƙananan makarantun ƙauye a wuri guda, a gina babba mai ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin karatu da malami ga kowane aji, sannan dole hukuma ta ba da motar da za ta ɗauko yara ta mayar da su gida. Ya yi ta fama da shi kusan shekara biyu. Da ƙudirin ya isa kwamiti, sai shugaban kwamitin ya kira shi ofis ya sa aka kawo masa shayi.

Ya ce, "Hedimasta, kowa na son ƙudirinka. Kalma ɗaya ce ta tsaya wa manya a wuya. Wannan 'dole' da ka sa a kan mota. A mai da ita 'gwargwadon hali', gobe ya wuce."

Baba ya ce, "In babu mota ai babu makaranta."

"Wa ya ce babu mota? Za a saya, da idonka za ka gani. Amma in ka kafe, ƙudirin zai kwana a nan har zango ya ƙare, ka koma gida hannu rabbana. Kuma ga wata alfarma. Na san taku makarantar tana cikin waɗanda za a rufe. Sai mu tsame ta, ba wanda zai ce uffan."

Baba ya yarda da ta farko, ya ƙi ta biyu. Ya ce ba zai rufe makarantun mutane ya bar tasa ba, da wane ido zai dube su.

Ina gida a ƙarshen makon da ya zo ya faɗa wa Umma, domin a lokacin an riga an turo ni ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Tana zaune a kan tabarma tana duba aikin yara, jan biro a hannu. Ta saurare shi har ya gama ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Motar nan, wa zai zuba mata mai bayan an gama tafa maka?"

"Hukuma mana."

"Hukumar da muke roƙo alli? Malam, kai ka san hanyar nan. Ka san rafin da ke tsakani."

"Don haka na sa mota, ta bi ta gada."

"Ka sa, ka kuma bari an cire." Ta ajiye biron. "Tun da ka ba su kalmarka, da ka karɓi alfarmarsu. Da ka bar mana tamu."

Ya ce, "Malama, in na bar ta, yaran nan za su ci gaba da dawowa daga jarrabawa kamar yadda nake dawo da su."

Ta ce, "Amma suna dawowa."

Ba su ƙara yin maganar a gabana ba. Doka ta wuce, aka yi ta yabonsa a rediyo. Ranar rufewa Umma ce ta buga ƙarfen da hannunta, yara suka ɗora bencina a motar kaya suna murna kamar za a tafi yawo. An ba ta aji a sabuwar makarantar, ta ce ta gode, ta ajiye aiki.

Ba zan ɓoye gaskiya ba, sabuwar makarantar ta yi kyau, kuma da farko mota tana zuwa. Baffa yana da jika 'yar ɗansa da ke zaune a hannunsa, iyayenta suna aiki a birni. Donme muke ce mata, saboda ba ka faɗa mata abu ta bar ka sai ta ce, "Don me?" Ita kaɗai ce take sa Baffa ya yi dariya har ya yi tari. Wata rana ta dawo daga makaranta ta wuce gidanmu a guje da ɓawon albasa a hannu, ta tarar da Baba ya zo daga birni.

Ta ce, "Kaka Malam, ka san cikin wannan akwai ɗakuna? Na gani da idona a na'ura! Jere suke kamar bulo."

Baba ya ɗauke ta ya zaunar a gwiwarsa ya sa ta sake faɗa daga farko. Ya dubi Umma, idonsa ya cika da ƙwalla. Umma ta yi murmushi ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

A shekara ta biyu motar ta lalace. Aka ce ana jiran kayan gyara. Ta zauna a harabar makaranta har tayoyinta suka sace, awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa. Baba ya bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, ko'ina a tashi tsaye a gaishe shi, sannan a karanta masa dokarsa, a tsaya a kan "gwargwadon hali" a ce halin ne bai yi ba bana. Ya koma wurin shugaban kwamitin, aka ce ya yi tafiya.

Yara da yawa suka daina zuwa, musamman ƙanana. Hanyar gada ta yi nisa ga mai ƙafa, sai masu naci suka riƙa yankewa ta rafi. Donme na cikinsu. Baffa ya ce ta zauna har a gyara mota, ta ce don me, ta yi kuka ta ƙi cin abinci, ya haƙura. Kullum yakan raka ta bakin rafi da sandarsa, gwiwoyinsa na ƙara, da yamma kuma ya je ya jira ta.

Ranar da abin ya faru ko ɗigo ba a yi a garinmu ba, rana ce tarwai. Can saman rafin ne aka yi ruwa. Yaran suna tsakiyar rafin, ruwa iya ƙwauri, sai ga shi ya taho ja wur da itatuwa a kansa. Manyan suka ja ƙanana suka haye. Donme ce ta ƙarshe, ta ɗora jakarta a ka don kada littattafai su jiƙe. Baffa yana tsaye a gaɓa yana kallo.

Washegari da hantsi aka same ta can ƙasan rafin, a saƙale cikin saiwar wata bishiya a gindin gangare. Samari suna shawarar wanda zai sauka, Baffa ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu. Ba wanda ya iya hana shi. Wurina suka kawo ta a asibiti, ko da yake kowa ya san babu abin da zan yi. Na goge mata laka daga fuska da kunne, na tsefe ciyayin da suka shiga gashinta.

Baba ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ya ratsa mutane har gaban Baffa, ya durƙusa a ƙasa, ya kama ƙafarsa. Ya ce, "Yaya..."

Baffa ya janye ƙafarsa a hankali. Ya dubi samarin da ke gefe ya ce, "Ɗan majalisa ya iso. Ku kawo masa kujera, kada rigarsa ta yi datti."

Daga ranar bai sake ce masa "ƙanina" ba. Bai zage shi ba, bai hana shi shiga gida ba. In Baba ya gaishe shi sai ya amsa, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Na sha ganin Baba ya fito daga gidan yana riƙe bango.

Ya koma majalisa ya miƙe ya ba da labarin Donme, ya roƙi a mayar da kalmarsa. Ya ce shi ne ya yarda aka cire ta, kada a nemi mai laifi a wani wuri. Aka tashi tsaye aka yi shiru na ɗan lokaci, aka tura maganar kwamiti, ba ta fito ba har zango ya ƙare. Ya sake tsayawa takara, ba don komai ba sai don wannan gyaran. Ya faɗi, har a akwatin ƙauyenmu. Wanda ya kayar da shi tsohon ɗalibinsa ne, yaron nan da ya fi kowa a ajinmu.

Da kuɗin sallamar da aka ba shi ya sayi wata tsohuwar bas. Da furfurarsa ya koyi tuƙi a filin ƙwallo, yara na binsa suna ihu duk lokacin da ta mutu masa. Daga nan kullum da sassafe yana tsakiyar gari yana jira, ya kwashi yara ya bi ta gada, da yamma ya dawo da su. Wasu iyayen suka hana 'ya'yansu shiga, suka ce ba sa son alherinsa. Ya ci gaba da ɗaukar sauran. Umma ce take tashi ta dafa masa ruwan zafi, ta tsaya a ƙofa har motar ta ɓace. Ko sau ɗaya ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, kuma ina jin da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ciwon zuciya ya ɗauke ta a shekara ta uku da dawowarsa.

Daga baya tsohon ɗalibin nasa ya sa aka gyara dokar, aka mayar da "dole", motocin hukuma suka dawo. Baba yana aski a tsakar gida ya ji a rediyo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yaro ya yi ƙoƙari." Ya ajiye rezar da rabin fuska a kumfa, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Na taɓa tambayarsa ko yana da-na-sanin dokar.  Ya ce, "Bana yaranmu sun ci jarrabawa fiye da kowace shekara. Biyu za su karanta likitanci. In na ce dokar ba ta da kyau na yi ƙarya. To ki faɗa mini, da wane baki zan je in gaya wa Yaya haka?"

Da Baffa ya kwanta ciwon ajali, Baba ne ya tare a gefen gadonsa a asibitinmu. Shi yake juya shi, shi yake kai masa tasar fitsari. Baffa yakan juya fuska bango ya bar shi ya yi. Ana gobe zai rasu, ina gyara masa ƙarin ruwa, Baba ya ɗago masa kai yana ba shi ruwa da cokali. Baffa ya tsura masa ido kamar wanda ya daɗe bai gan shi ba.

Ya ce, "Ka tsufa."

Baba ya ce, "Na tsufa, Yaya."

"Hannunka na rawa. Kana zuba mini a wuya."

"Ka yi haƙuri."

Baffa ya rufe ido ya ce, "Ƙaro." Iyakar abin da suka yi ke nan, kuma Baba ya riƙe shi kamar dukiya, ya maimaita mini shi ya fi a ƙirga.

Baba bai daɗe sosai bayan Baffa ba. Da ƙafafunsa suka kumbura na ɗauke shi na dawo da shi ɗakin da ke kusa da nawa. A kwanakinsa na ƙarshe hankalinsa yana zuwa yana tafiya, wani lokaci ya kira ni Malama, wani lokaci ya nemi makullin mota. Ranar da zai cika an wuni ana yayyafi. Wajen la'asar ya buɗe ido ya saurari kwanon rufi, ya kama hannuna da ƙarfi.

Ya ce, "Yaran sun dawo?"

Lokacin ana cikin dogon hutu, ba yaron da ya je ko'ina. Na ce, "Sun dawo, Baba."

"Duka?"

Na ce, "Duka."

Ya saki hannuna ya juya gefensa na dama. Kafin magariba ya rasu.